Ranar da Sarkin Mita Ya Koyi Gyara

Yuleidis Cantillo ta shigo ofis tana rangaji, sai ka ce an gaya mata gobe ne bikin karnabal. Yau ne taron tsara aikin baɗi, ita kuwa abu ɗaya take so a saka a ciki: a bar ta ta koya wa Sarkin Mita gyara.

Sarkin Mita wata manhaja ce da suka haɗa a ɗan kamfaninsu na birnin Barranquilla, mai duba tsaftar rubutun da suke yi wa kwamfuta. Ba ta da aiki sai tsegumi. Nan layi ya yi tsawo, can tazara ta yi yawa. Ta shafa wa mutum ja a allo ta koma gefe, ko tsinke ba ta ɗagawa.

"Mai ganin laifi ai ya kamata ya iya gyara shi," in ji Yuleidis, bakinta har kunne.

Doña Nohemí, shugabarsu, ta ajiye kofinta. "Nuna mana, 'yata. Daɗin baki ba ya soya wainar arepa."

"In ta fashe, ni ban taɓa ganinki ba," in ji Wílmer, abokin tsokanarta.

Dama Yuleidis ta ɗan haɗa mai gyaran na gwaji. Shirin shi ne ta gwada a shafi guda. Ina! Zumuɗi ya kwashe ta, ta sake shi a kan rubutun kamfanin kaf, ta kuma tura cikin rumbun da kowa ke ɗiba. Kafin ka ce kwabo jan nan na shekara da shekaru ya koma kore shar.

Wayyo daɗi! Ta yi tsalle, ta taka rawar cumbia tsakanin kujeru, ta rungume har mai kawo kofi. Doña Nohemí ta yi murmushi ta ce, "Ya shiga tsarin baɗi. Shi ne ma na farko."

Sai dai murnar sauran ta yi yawa. Wílmer na dariya har da hawaye, ya juyo mata da allonsa. Kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi daga ƙarshe, kuma dokar gidan ita ce in abu ya lalace, mai sunan ake kira a waya, ko da ranar hutu ce. Gyaran nan kuwa ya taɓa kowane layi, kuma da sunanta ya shiga. Ta duba sama, Yuleidis. Ta gangara ƙasa, Yuleidis. Har rubutun da aka yi tun tana makarantar firamare, nata ne yanzu.

Shi kuwa Don Éder, dattijon da rabin layukan suka kasance nasa, ya taso ya sumbaci goshinta. "Allah ya yi miki albarka, yarinya." Nan take ya kira matarsa: "Shirya jikoki, Lahadi sai bakin teku! Wayar ma a gida zan bar ta."

Yuleidis ta ruga wurin shugabar. "Doña Nohemí, don Allah a mayar da sunayen yadda suke."

"Shawara mai kyau, 'yata," in ji ta, tana kurɓar kofi. "Amma tsarin baɗi ya cika. Ki kawo ta a taron baɗin baɗaɗa."