Inda Aku Ke Sauka

Zuberu bai ko cire rigarsa ta direban bas ba ya faɗa ofishin wani kamfanin yawon buɗe ido a bayan Charing Cross, ransa a ɓace. Shekara goma sha huɗu ya yi yana gadin wani kurmi a bakin teku, can yammacin Gana, kafin ya zo London. A tsakiyar kurmin akwai filin da aku masu jan wutsiya ke sauka da hantsi su ci ƙasa mai gishiri-gishiri. Masu gadi na da ƙa'ida: baƙo sai an zagaya da shi ya rasa gabas kafin a kai shi, kuma ba a zana wurin a takarda. In masu kama aku suka sani, danƙo za su shafe rassa da shi, mako biyu sun kwashe su kaf.

Yau kuwa ga wurin a shafin kamfanin na intanet, da taswira, har da jan ɗigo, wai don masoya tsuntsaye. Wannan wace irin soyayya ce? Mutumin da bai taɓa ɓamɓare fiffiken aku daga danƙo ba, shi zai zauna cikin ɗumin hita yana rabon sirrin daji kamar goron suna.

Wata 'yar Kano mai suna Hindu ya tarar a teburin karɓar baƙi.

"A cire taswiran nan yau," in ji shi.

"Baba, zauna mana. Za a iya cirewa, amma wata uku ke nan tana shafin, har mutum arba'in sun yi booking ɗin zuwa wurin."

"Su yi cancel. Wane maci amana ya ba ku? Faɗa min sunan shi in buga ma shugaban masu gadi yanzu."

Hindu ta ɗan yi danne-danne a kwamfuta.

"Ba wanda ya faɗa. Daga wani hoto aka samo, wayar da ta ɗauka ta adana wurin a jikinsa. Bara aka turo, a gasar hotunanmu. Wani Zuberu Seidu."

Hotonsa ne. Da ya je ganin gida ya ɗauka, ya tura don duniya ta ga abin da ya tsare. Kunya ta rufe shi, fushin duk ya dawo kansa.

Ya fito bakin titi ya buga wa shugaban.

"A sa mutum a filin aku daga yau," ya ce. "An san wurin. Ni na nuna."