Takalmi a Shagon Suruki

Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da aikin wutar lantarki, kuma akwai doka ɗaya da ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ba: ba a taɓa waya sai da takalmin roba a ƙafa. Ɗalibaina har suna suka sa mini, Malam Hadi Mai Takalmi, suna zaton ban sani ba. Na sani sarai, kuma ban damu ba. Gara su yi ta zagina a bayan ido da a ce na raka gawar ɗayansu.

Cikin shekarun saba'in ne, lokacin da arzikin man fetur ya sa ake ta kafa falwayoyi har a garuruwan da ba su taɓa mafarkin wuta ba. Ana neman ma'aikata ido rufe. Ina koyarwa a wata makarantar koyon sana'a a Birnin Kudu, aka kawo mini ɗalibai ashirin, yawancinsu samari masu rawar kai, da magidanci guda, Iliyasu, mutumin Zandam ta ƙasar Gwaram. Manomi ne. Fari ya cinye masa gona damina biyu a jere, sai ya tattaro matarsa Kubra da 'yarsu Raliya ya dawo Birnin Kudu, garin iyayen matar, ya ari ɗaki a bayan kasuwa. Samarin ajin suna ce masa Baba, su yi ta ƙyaƙyata dariya in ya cusa dogayen ƙafafunsa a ƙarƙashin benci. Shi dai murmushi. Gemu ba ya hana ilimi, kuma a kansa na gaskata haka. Turancinsa na ajin yaƙi da jahilci ne, lissafi kuwa sai da gumi, amma hannunsa, ban taɓa koyar da hannu mai tsabta irin nasa ba. Ina ƙaunarsa, ko da yake ban taɓa nuna masa ba, don ni ba na yaba ɗalibi a gabansa.

Jarrabawarmu ta ƙarshe ba ta takarda ba ce. Kowane ɗalibi za a ba shi ɗaki ɗaya a cikin gari, daga cikin waɗanda suka nemi a ja musu wuta. Ya yi aikin shi kaɗai cikin kwana biyu, a rana ta uku a haɗa layi, ya gwada komai a gabana. Wanda ya ci, satifiket da aiki suna jiransa. Wanda ya faɗi sai wata shekara, in ma an samu gurbi. Ga Iliyasu babu wata shekara. Ya taɓa faɗa mini cewa ƙaninsa ne ke riƙe masa gona yana aiko masa da hatsi, kuma sun yi da shi shekara biyu ne ba ƙari. "In na faɗi, Malam," in ji shi, "Zandam zan koma, a ce wasa na zo yi."

Ni na raba ɗakunan. Na ba shi shagon wani tsohon maɗinki, Malam Barau, saboda shi ne mafi wuya: ginin ƙasa, rufin azara, ga bango mai kauri. Da na karanta sunan na ga fuskarsa ta canja, na ɗauka tsoron aikin ne. Baƙo ko da ido makaho ne. Ni mutumin birnin Kano ne, shekarata uku kacal a garin, ban san wa ke auren 'yar wa ba.

Rana ta uku aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da hantsi. Na hau kekena na nufi unguwar, takardar maki a aljihu. Ma'aikatan layi sun riga sun haɗa wuta daga falwaya zuwa mita sun wuce gaba. Ina jingine keke, abin da na fara gani a bakin ƙofar shagon shi ne takalman robar makaranta, an jera su gwanin sha'awa, hanci na kallon bango.

Na yi sallama na shiga, raina ya riga ya ɓaci. Tsohon yana zaune a kan buzu a kusurwa, da wata riga a cinyarsa. Iliyasu kuwa yana tsugune a gindin mita, sukundireba a hannu, ƙafafunsa tsirara a kan daɓe. Daɓen ya sha sanyin ruwa har ana jin damshinsa. Na gaishe da tsohon a gurguje, na ce wa Iliyasu, "Ajiye wannan. Fito."

A waje na tsare shi da ido. "Shekara biyu ina faɗa muku abu ɗaya kamar mai tallar goro. Kai da nake gani dattijon ajin, kai ne za ka yi mini haka? Ka san an haɗa wuta?"

"Na sani, Malam."

"To mene ne?"

Ya sunkuyar da kai, ya rage murya. "Surukina ne, Malam. Mahaifin Kubra."

Na san nauyin maganar. Ni ma ina da suruki, kuma tun daga bakin titi nake cire takalmi in na hango shi.

"Shekara tara ina auren 'yarsa," in ji Iliyasu, "ban taɓa taka ko inuwar ƙofarsa da takalmi ba. Na sa Kubra ta roƙe shi ya je gidan ƙaninsa yau, ya ce ba inda za shi. Kwana biyun nan yana zaune yana kallona, bai ce uffan ba. Na san abin da ke ransa. Ya ba manomi 'yarsa, ga shi manomin ya koma ɗan makaranta, yana zaman aro a garin surukai. In kuma na shigo masa da takalmi, me ya rage mini?"

"Me ya hana ka faɗa mini tun farko in canja maka ɗaki?"

"Kunya, Malam. Kada a ce na guje wa aikinsa."

Gaba kura, baya siyaki. Canjin ɗaki ya wuce, an riga an aika da jerin sunaye. In na kau da kai ya yi gwajin haka, ƙafa tsirara a kan jiƙaƙƙen daɓe, hannu a kan waya mai wuta, kuskure ɗaya ya isa. Na ga irinsa sau ɗaya a Kano, ba na son in sake gani. Tausayinsa ya cika ni, amma tausayin da zai kashe mutum ba tausayi ba ne.

Na ce, "Iliyasu, ko ka sa takalmi ka gama aikinka, ko in rubuta ka faɗi. Babu na uku."

Ya dubi takalman, ya dubi ƙofar shagon. Sannan ya ce, "To ka rubuta, Malam."

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi. Shekara biyu! Na zaro takardar da biro ina ta faɗa, kuma ni in raina ya ɓaci ba na iya magana a hankali, unguwa guda sai ta ji. Daga ciki tsohon ya yi gyaran murya.

"Malam, bisimilla. Shigo ka gaya mini abin da ake rigima a kansa a ƙofata."

Na koma ciki. Iliyasu ya biyo ni, ya tsuguna can nesa kusa da bango. Na yi wa tsohon bayani ba ɓoye-ɓoye, cewa wutar lantarki hanyar ƙasa take nema, kuma mutum mai ƙafa tsirara a kan damshi shi ne hanyar da ta fi mata sauƙi. Takalmin roba ne ke datse ta.

"In ta bi ta jikinsa fa?" in ji shi.

"Tana iya kashe shi nan take, Baba."

"Kwana biyu yana aiki a nan ba takalmi."

"A lokacin ba a haɗa wuta ba. Yau an haɗa."

"Shi ya san haka?"

"Ya fi kowa sani a ajina." Na faɗa ba tare da na shirya ba, karo na farko da na yabe shi yana ji. "Ya ce gara ya faɗi jarrabawa da ya shigo maka da takalmi."

Malam Barau bai dubi Iliyasu ba. Ya naɗe rigar da ke cinyarsa, ya soke allura a jikinta, ya ajiye gefe. Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Na yunƙura zan taimake shi, ya ɗaga mini hannu. Na ɗauka fita zai yi ya ba mu wuri, na ce a raina alhamdu lillahi. Ya isa bakin ƙofa, sai ya sunkuya ya ɗauki takalman da hannunsa. Akwai taɓo a gefen ɗaya, ya sa yatsa ya share. Ya dawo a hankali ya ajiye su a gaban mijin 'yarsa.

Iliyasu ya zabura. "Baba, don Allah, Baba..."

"Baban Raliya," in ji tsohon, don ba ya kiran sunansa, "sa. Kunyar da za ta mayar mini da jika marainiya ba na son ta. Ni na ce ka sa."

Hawaye ya zubo wa Iliyasu, ƙato da shi, bai ko share ba. Ya sa takalman yana tsugune, ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na juya ina duban azara kamar akwai abin da nake bincike.

"Kai ma Malam," in ji tsohon, "da kake ta faɗan nan, ina naka?"

Na dubi ƙafafuna. Tsirara suke. Sau biyu na shiga shagon, sau biyu na cire takalmi a bakin ƙofa ban ma sani ba. Malam Hadi Mai Takalmi! Na fita sumui-sumui na sako su, tsohon yana dariya ƙasa-ƙasa, kuma na gode wa Allah da samarin ajina ba sa wurin.

Iliyasu ya share fuska ya miƙe. Ya kama aiki. Ya duba haɗin kowace waya, ya gwada ta ƙasa, ya ɗaura fiyus, yana faɗin abin da yake yi mataki-mataki kamar yadda na koya musu. Na neme shi da kuskure, don aikina ke nan, ban samu ba. Kafin ya gama, maƙwabta sun cika ƙofa, Kubra tana leƙe daga soron gidan mahaifinta da ke jikin shagon, da Raliya a gefenta. Ya ce bisimilla, ya danna makunni. Ƙwan lantarkin ya kama, shagon ya haske har lungun da ake tara yadi. Mutane suka ɗauki salati, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Na rubuta makinsa na sa hannu. Na matsa kusa da tsohon in yi masa sallama, sai na lura shi kaɗai ne bai ɗaga kai ya kalli ƙwan ba. Iliyasu yake kallo, yana tattara kayan aikinsa.

Na ce, "Baba, da ka je gidan ƙaninka yau kamar yadda aka roƙe ka, ai da duk ba a yi wannan ba."

"In je ina?" in ji shi, da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji. "Kwana biyu na ajiye ɗinkin mutane ina zaune a nan. So nake in gani da idona, don duk wanda ya shigo shagon nan ya tambayi wa ya yi wannan aiki, in ce masa ɗana ne."

Iliyasu yana tsaye da akwatin kayan aiki a hannu, ya kasa motsi. Na ce masa, "Ka ci. Gobe ka zo ka karɓi takardarka." Ban jin ya ji ni.