Dillalin da Ya Gyara wa Sufeto

Duk Maigatari babu wanda bai san ra'ayin Alhaji Ɗanmalam a kan wasan talabijin ba, don ba ya jira a tambaye shi. Dillalin shanu ne, shekara talatin yana buɗe bakin dabbobi a kara, kasuwar shanu, kuma a wurinsa duk namijin da zai zuba wa akwati ido yana kallon ƙarya ya zubar da girmansa. Abin da ya fi tsana, in ji shi, shi ne shirin nan na Sufeto Zayyad, ɗan sandan ciki mai gano ɓarayi, wanda ake nunawa duk Lahadi bayan la'asar. Ranar Litinin, in majalisarsu ta ƙofar kara ta kaure da musu a kan wa ya yi sata, sai Alhaji ya ja dogon tsaki ya ce, "Allah ya shirye ku. Gemai-gemai da ku!" Ko matarsa Hadijatu bai ƙyale ba. Mai kallon wannan abu, a cewarsa, ba ta da aikin yi.

To, ga gaskiyar magana: cikin shekara biyu, ko kashi ɗaya na shirin bai taɓa wuce Alhaji ba. Da an idar da la'asar sai ya shigo falo da igiyar ɗaure shanu, ya ba talabijin baya, ya zauna yana tufka. Sai dai inda yake fuskanta akwai sif ɗin Hadijatu mai ƙaton madubi, kuma a cikin madubin nan babu abin da ba ya gani. Igiya ɗaya ce tal, ya tufka ya warware, har ta gaji ta fara furfura. Ranar da aka harbi Sufeto a kafaɗa sai da ya kasa cin tuwo, ya ce wai ƙwannafi ke damunsa.

Masifar ta zo ne a wata Lahadi da aka nuna satar wani sa. Sufeto ya shiga wani garke, ya kama wani bijimi, ya buɗe masa baki, ya juyo yana murmushin nasara. Ya ce ai wannan shi ne san da aka sace, shaidarsa kuwa ba shi da haƙoran gaba na sama, kamar yadda mai shi ya faɗa. Nan take aka sa wa wani bawan Allah ankwa.

Saura kaɗan Alhaji ya juya ya yi ihu. Wane sa ne Allah ya halitta da haƙoran gaba a sama? Dasashi ne kawai, kowane ɗan makiyayi ya san wannan. Ya yi ƙoƙarin haɗiye maganar. Da ya ga ba za ta wuce ba, sai ya zagaya bayan gida da wayarsa. Lambar da ake nunawa don ra'ayin masu kallo ya daɗe da haddace ta, duk da a juye take fitowa a madubi. Da yatsa ɗaya ya rubuta:

"Ku gaya wa Sufeto, in rashin haƙoran sama shi ne shaidar sata, to ranar Alhamis ya zo Maigatari da babbar mota, don duk shanun kara na sata ne. Daga wani mai kallo."

Ya aika, ya goge, ya dawo ya ci gaba da tufka kamar ba shi ba.

Lahadin da ta biyo baya, kafin a fara shiri, mai gabatarwa ya karanta saƙon yana dariya har da share hawaye. Ya ce sun karɓi gyara, sun ba manoma da makiyaya haƙuri, kuma suna gaida wannan gwani na Maigatari. Alhaji ya ji kansa ya yi girma har hula ta matse shi. Daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba tun ranar da ya sauka daga jirgin Makka.

Daɗin bai kwana biyu ba. Ranar Litinin majalisa ta cika maƙil, kowa na tambayar wane ne gwanin. Idanu suka koma kan Dogo, abokin hamayyar Alhaji a dillanci, wanda kowa ya san ba ya ɓoye kallonsa. Dogo bai ce shi ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Ya shafa gemu kawai ya ce, "A bar kaza cikin gashinta." Shi ke nan magana ta zauna. Kafin Alhamis ana kiransa Malamin Sufeto. Ranar kasuwa kuwa, da idonsa Alhaji ya ga fatake daga Gumel da Gagarawa, har da wani tsohon mai cinikinsa na Sule Tankarkar, suna wuce shi suna tambayar ina dillalin da ya gyara wa talabijin.

Mako biyu ya yi yana cin tuwo kamar yana tauna ƙasa. In ya yi shiru, Dogo ya tafi da sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa. In ya yi magana, ya tona wa kansa asiri. Ranar da ya ji Dogo yana maimaita saƙon a majalisa, har yana ƙara masa gishiri, sai haƙurinsa ya ƙare. Ya miƙe tsaye, babbar riga na rawa.

"Jama'a, ni na rubuta saƙon nan! Wallahi ni ne!"

Baba Ɗantsoho, dattijon majalisar, ya ɗago kai a hankali. "Kai, Alhaji? Kai da ba ka kallo?"

"Ina kallo, Baba. Shekara biyu ban taɓa fashi ba."

"To nuna mana a waya," in ji Dogo.

"Na goge."

Dariya ta fara tashi daga gefe. Alhaji ya ce su tambaye shi komai a kan shirin. Ya lissafa wanda ya kashe mai shagon magani, da wanda ya ƙone rumbu. Dogo ya ce ai duk wannan a majalisar nan ya ji. Sai Alhaji ya ciro abin da yake ganin zai kashe bakin kowa.

"To wannan fa ba a nan na ji ba. Sufeto bahago ne. Da hagu yake rubutu, da hagu yake riƙe bindiga, tabon fuskarsa ma a kuncin hagu yake. Ni abin da ke ba ni haushi da shi ke nan, har shayi da hagu yake sha!"

Majalisa ta ɓarke da dariya. Wani ya faɗo daga benci yana riƙe da ciki. Sufeto Zayyad da dama yake komai, tabonsa ma a dama yake, kowa ya sani. Alhaji ya buɗe baki zai yi bayanin madubi, sai ya hango yadda maganar za ta fito daga bakin dattijo mai jikoki, ya rufe.

Baba Ɗantsoho ya goge ido ya ce, "Alhaji, mun san ka, mun san matsayinka, kuma muna girmama shi. Ba ka kallo, Allah ya ƙara tsare ka. Amma hassada ga mai rabo taki ce. Ka bar wa Dogo abinsa."

Bai jira azahar ba ya nufi gida. Ya tarar da Hadijatu tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ya tsuguna kusa da ita, abin da bai saba ba, ya sassauta murya.

"Hadijatu, ke dai kin san ina kallon abin nan ko?"

"Wa yake goge madubin duk Lahadi da safe?" ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Kunya ta rufe shi, amma ya daure. "To ki taimake ni. Ki gaya wa matar Dogo da matar Baba Ɗantsoho, magana ta kai kunnen mazansu. Ke kaɗai ce shaidata."

Ta tsince wani ɗan dutse ta yar, ta bushe ƙaiƙayi daga faifai, sannan ta dube shi.

"Alhaji, shekara biyu kana faɗa a gaban 'ya'yana da baƙina cewa ba ni da aikin yi. Wa zai karɓi shaidar marar aikin yi?"

Ta ɗauki faifanta ta shige madafa, ta bar shi a tsugune.