Hannun Wa Na Ɗauko

"Yarinyar nan hannun babana ta ɗauko."

Ambili tana kankare kwakwa a bayan ƙofa ta ji babanta, Malam Velayudan, yana faɗa wa innarta haka. Ba ita yake nufi ba. Revati yake nufi, 'yar ƙanwarsa da ta zo daga birni da damina, da wayarta da dariyarta mai cika gida.

Da can tsakar gidan nan cike yake da samari, kowa da dutse a gabansa yana dukansa da sandunan tsamiya, don ba a taɓa gangar cenda sai hannu ya nuna a kan dutse. Yanzu duk sun tafi Dubai, har da yayanta Sasi. Revati kaɗai ta rage. Ita za a rataya wa gangar Kaka, mahaifin Malam, a bikin haikali bayan girbin shinkafa.

Ambili ta kwashi wanki ta gangara kogi. Ta zaro sandunanta daga ƙarƙashin saiwa, inda take ɓoye su tun tana firamare, ta hau dukan dutsen wanki kamar shi ya yi mata laifi. Duk kiɗan da ta sata da kunne ta bayan ƙofa sai da ta sauke masa.

"Ashe ke ce aljanar kogin!"

Revati ce a kan matakala, riƙe da sabulu. Ambili ta tura sandunan cikin zani.

"Wanki nake."

"Wanki da tsamiya? To Yaya, rigar Kawu ta ji jiki." Ta zauna tana kaɗa ƙafa a ruwa. "Shi ma yakan tsaya can bayan ayaba yana ji. Ya ce kina gaggawa da hagu."

Ambili ta juyo. "Ya ji, kuma ke ya zaɓa."

"Bai zaɓe ni ba. Ganyen betil na kai masa, goron neman ilimi, na taɓa ƙafarsa, na roƙa. Malami ba ya kiran ɗalibi, ko ɗan cikinsa ne. Yaya Sasi ma sai da ya kai. Ke kin kai?"

Ambili ta matse rigar babanta. Ta ji haushin yarinyar ya ƙaru, don sauƙin da abin ya zo mata.

Ta bar wankin a jiƙe. A bakin shinge ta tsinki ganyen betil ɗaya, ya yamutse a tafinta kafin ta isa. Babanta yana baranda, gangar Kaka tsakanin gwiwoyinsa, yana ɗame igiyoyinta daidai tsawon Revati. Ya ga ganyen. Hannunsa ya tsaya.

Ta ajiye shi a gaban ƙafarsa, ba ta ɗago ba.

"Baba," ta ce, "ni fa, hannun wa na ɗauko?"