Dokar Tire Ɗaya

Kwana uku kacal Khalid ya yi a Kano wajen bitar manajoji, amma ya dawo Rano kamar wanda ya shekara bakwai a Misira. Ya zo da jaka mai tambari, da takardar shaida, da wata magana da yake ta juyawa a bakinsa tun daga Bunkure: ma'aikata iyali ɗaya ne.

Ranar Litinin ya tara ma'aikatan injin casar shinkafar da yake shugabanta, ya hau kan buhu. Daga yau, in ji shi, babu manaja babu lebura. Kullum bayan azahar tire ɗaya za a kawo, kowa ya sa hannu, har da shi. Wanda ya ƙi zama, takardar gargaɗi.

Saude sakatariya ta ce, "Ranka ya daɗe, a wannan zamani na Shari'a? So kake 'yan Hisba su kwashe mu har da tiren?"

"Ke da Fanta mai shara naku daban. Amma a zuci muna tare."

Abu ɗaya ya manta, da yake daɗin bita bai sake shi ba. Malam Hammadu, dattijon da ke kula da injin, ya tafi biki garinsu Durba, ranar Laraba zai dawo. Shi ne kuma mahaifin Afra'u, yarinyar da in ta ce "sannu da aiki" sai Khalid ya wuni bai san inda ya ajiye makullin ofis ba. Mako biyu ke nan da baffanninsa suka je nema masa aurenta, dattijon ya karɓi goro ya ce zai yi shawara. Tun daga nan shiru.

Litinin da Talata an ci an sha, Khalid har da ba da labari da loma a baki. Ranar Laraba Malam Hammadu ya wanke hannu, ya zauna daidai gabansa, ya yi bismilla.

Hannun Khalid ya tsaya a sama. Ya buɗe baki ya tauna shinkafa da wake a gaban mutumin da yake neman 'yarsa? Kafin la'asar labari zai kai Durba cewa yaron ba shi da kunya, Afra'u kuwa sai dai ya ji ta a bakin masu guɗa.

"Azumi nake," ya ce.

Zailani direba ya ɗago kai. "Ranar Laraba, Manaja?"

"Ramuwa."

Alhamis ta rufa masa asiri. Ranar Juma'a Zailani ya tambaye shi ko ramuwar tun ta 'yan firamare ce. Ga shi tunda ya furta, ko ruwa ba ya iya kurɓa, don duk inda ya juya idon Zailani na kansa.

Yunwar ba ta dame shi ba kamar yadda dattijon ke cin abincinsa. Ci yake hankali kwance, yana suɗe yatsu, har yakan ce, "Manaja, miƙo mini yajin nan." Wanda ke shirin ba ka 'yarsa ba zai yi haka a gabanka ba. Kowace loma ta Malam Hammadu sai Khalid ya ji kamar a ƙirjinsa take sauka. Ya tura wa Afra'u saƙo a 'yar Nokiyarsa. Ta amsa: "Baba bai ce komai ba. Ya dai ce manajansu ya cika ibada."

Aiki kuwa sai ya kankama. Leburorin da suka saba sulalewa bayan azahar suka daina, Ramalan mai ɗinkin buhu da ba ya zuwa sai hantsi ya koma sammako. Ba wanda ke son a ba shi labari. Malaman bita ba su faɗa masa ba, ashe ba abin da ke haɗa kan ma'aikata kamar kallon shugabansu yana haɗiyar yawu.

Talatar da ta zagayo aka kawo tire, Malam Hammadu bai zauna ba. Ya ɗebi nasa a kwano, ya zagaya bayan tarin ƙaiƙayi, ya ba jama'a baya.

"Manaja, doka fa," in ji Zailani.

Kafin ya amsa, Saude ta dire masa takardar gargaɗi da biro. Har ta buga sunan.

Khalid ya karɓa. Ya zagaya, ya durƙusa nesa kaɗan. "Baba, ba a gan ka a tire ba."

Dattijon ya rufe kwanon da faifai, bai dube shi ba. "Mako guda ina jiran in ga ko za ka sa hannu, ba ka sa ba. Ka ce wa baffanninka su dawo ranar Asabar. Yanzu matsa mini, ba na cin abinci gaban suruki."

Bai san yadda ya miƙe ba. Hawaye ya cika masa ido, ya ɗora wa ƙaiƙayi laifi. Ya dawo yana naɗe hannun riga, zuciyarsa fes, cikinsa na kuka.

Saude ta tare shi. "Ka sa hannu a takardar?"

"An soke dokar."

Ya tsugunna, ya jawo tiren gabansa. Babu ko ƙwayar wake. Zailani na gefe yana suɗe yatsa.

"Ai mun ɗauka yau ma ramuwa ce, Manaja."