Warin Bilic a Akurkin Uwar Biyu

Da safe Uwar Biyu ta fara lura, tana watsa wa kaji hatsi. Wata baƙar kaza ta ware gefe, ta miƙa wuya, ta buɗe baki kamar mai son yin magana, sai wani kakari ya fito daga maƙogwaronta. Kafin rana ta yi tsaka wasu sun fara atishawa, idanunsu na kawo ruwa. Sabon zakaran ma da ke hana unguwa barci ya yi cara da dusasshiyar murya, ya koma lungu ya takure.

Kajin nan su ne sana'arta tun da ta bar aikin koyarwa. Akurkinsu yana bayan gida, a lungun da ke tsakanin katanga da ɗakin baƙi, na katako da ragar waya, da rufin kwano. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai leƙo gida ba, tagwayenta kuma suna makarantar kwana. Daga ita sai ƙanin mijin, wanda ya sauka a ɗakin baƙi da niyyar kwana biyu, ga shi har an manta ranar zuwansa. Gyaran fanka da dutsen guga yake yi, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya.

Shi ya fara faɗo mata a rai. Watan jiya ta tarar da shi a lungun da abin awo a hannu, yana cewa wurin nan da za a fasa katanga a fitar da ƙofa waje, da an yi shagon gyara mai kyau. Ta ce kaji sun riga shi, suka yi dariya, magana ta wuce. Ba a jima ba sai ga shi da kansa yana cewa ta bar masa wankin akurki, ta huta. Mutumin da kofin shayinsa ke kwana a bakin taga har tururuwa ta yi gida a ciki.

Washegari ta shige kicin da wuri, ta tsaya jikin taga tana goge tukunyar da ta riga ta bushe. Ta gan shi ya fito da wata farar jarka daga ɗakinsa. Bai fito da kajin ba, bai kwashe kashin ba, bai ko ɗebo ruwa ba. Ya buɗe murfi ya bulbula abin a ƙasan akurkin, ya rufe ƙofa, ya saki tamfol ɗin da take kare ruwan sama da shi, ya rufe ragar ruf. Sannan ya karkaɗe hannu ya nufi ɗaki.

Tana ɗaga tamfol ɗin wari ya doki hancinta. Idonta ya yi yaji, tari ya sarƙe ta. Ta buɗe ƙofa da ƙafa, kajin suka yi ta fitowa suna tangaɗi.

"Injiniya, zo nan. Mene ne wannan?"

"Bilic ne, matar Yaya. Mai ƙarfin, irin na wanke asibiti."

"Ka sirka da ruwa?"

"In aka sirka ai ƙarfinsa ya tafi. Ke ba ki san warin da nake kwana da shi ba, tagata fa a kan akurkin take."

"Tamfol ɗin fa?"

"Don kada ya shigo min ɗaki."

"Wato kai hancinka ba ya ɗauka, su nasu na ƙarfe ne."

Ya sosa ƙeya, ya dubi kajin, ya dubi jarkar. Ta tsura wa fuskarsa ido tana neman wata alama. Ko dai da gaske bai sani ba, ko kuma ya iya fuska fiye da yadda take zato.

"Wallahi taimako na yi niyya," ya ce. "Bari in kira wata likitar dabbobi, ni nake gyara mata fankar ofis."

Likitar ta zo bayan azahar, doguwa, marar yawan magana. Ta ɗauki baƙar kazar ta kara kunne a bayanta, ta duba ido da hanci, ta leƙa akurkin ta yi saurin ja da baya.

"Kin kawo sabuwar kaza kwanan nan?"

"Zakara dai. Daga kasuwa."

"Kin ware shi kafin ki haɗa su?"

Uwar Biyu ta girgiza kai. Ba ta ware shi ba.

"To, ina zaton shi ya shigo da murar," in ji likitar. "Amma da ba ta yi tsanani haka ba. Bilic in ya haɗu da kashin kaji, wata iska ce ke tashi mai ƙona ido da huhu, ga shi an rufe su ba inda za ta fita. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a zuba shi a kan ƙazanta. A fitar da kaji, a kankare kashi, a wanke da ruwa da sabulu, sannan a sirka maganin yadda aka rubuta a jikinsa a fesa. Sai wuri ya bushe, wari ya fita, a zuba sabon garin katako, kafin su koma."

Ta ba da maganin da za a sa a ruwan sha, ta ce a ware marasa lafiya. Har ta rataya jaka, sai ta sake duban lungun.

"Kuma wurin nan ba iska. Katanga ta tare nan, ɗaki ya tare can. In da hali a mayar da akurkin wancan gefen, inda rana ke shiga."

Uwar Biyu ta waiwaya ta dubi Injiniya. Ya duƙa yana gyara igiyar takalminsa. Da ya raka likitar bakin ƙofa, ta ji suna dariya ƙasa-ƙasa, wataƙila a kan fanka, wataƙila a kan wani abu.

Sauran yinin ta yi tana juya maganar. Shi ya zuba bilic, shi ya kawo likita, likitar kuma ta ce a tashi daga lungun da yake so. Abin ya yi daidai da yawa. Da mijinta ya kira da yamma ta so ta faɗa masa, sai ta tuna yadda yake da ƙaninsa, ta ce dai kaji ba lafiya.

Kashegari ta sa baƙar kazar a kwali, ta ce za ta gidan yayarta, ta hau mota zuwa wani shagon maganin dabbobi a can ƙarshen gari inda ba wanda ya san su. Mai shagon, wani dattijo da tabarau a kan hanci, ya saurare ta har ta gama. Ba ta ambaci likitar ba. Abin da ya faɗa bai bambanta da na likitar ba, har da batun iska.

"Baba, mutum zai yi haka bai san yana cutar da su ba?" ta tambaya.

"Kullum ana yi, 'yata. Mutane gani suke in wari ya yi ƙarfi, tsabta ta yi kyau." Ya cire tabarau yana gogewa. "Wanda ya sani ma zai iya yi. Wannan kuma ba a gane shi a jikin kaza."

Baƙar kazar ba ta kai gida ba, a kwalin ta mutu.

Ta dawo ta tarar Injiniya ya riga ya kwance rufin kwanon akurkin, gumi ya jiƙa masa riga. Suka yi aikin tare ba hira. Shi ya kafa katako a gefen da rana ke shiga, ita ta kankare kashi, ta wanke allunan da sabulu, ta sirka maganin feshi da hannunta tana karanta jikin kwalba. Masakin abinci da na ruwa ta jiƙa su, ta ɗauraye, ta kife a rana. Da ya miƙo hannu zai karɓi bokitin maganin, ta ce, "Bar shi, na gode."

Wata kaza ta sake mutuwa a cikin makon, sauran suka fara cin abinci. Kakarin ya ragu, idanu suka washe, zakara ya dawo da muryarsa. Ta sayi kwaɗo ta sa wa akurkin, makullin ta ɗaure a gefen zaninta. Injiniya ya gani.

"Matar Yaya, har da kwaɗo? Ni ne ɓarawon?"

"Saboda muzuru ne."

"Muzurun da ke buɗe sakata?"

"Na zamanin nan ba abin da ba su iya ba."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, kowa ya kama gabansa.

Da mijinta ya dawo ya ga lungun fili, ya ce ƙaninsa ya yi shago a nan mana, ya fi zaman banza. Uwar Biyu tana zuba masa ruwan wanka lokacin, ba ta ɗago ba. Aka fasa katanga, aka fitar da ƙofa waje, fankokin unguwa suka fara taruwa. Injiniya ya gyara mata injin markaɗe bai karɓi komai ba, ita kuma in kaji sun yi ƙwai da yawa takan aika masa. Suna gaisawa da fara'a, suna tsokanar juna kamar da. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce ta kawo makulli ya ba kaji ruwa, sai ta yaye bargo, ta lallaɓa ta tashi, ta je ta ba su da kanta.