Kifin da Aling Presing Ta Hana Lola Isyang

Tunda guguwa ta kayar da turakun lantarki a garin, injin ƙanƙara ya tsaya cak. Presing, da ake ce wa Aling Presing don girmamawa, wadda ta daɗe tana sayar da kifi a kasuwar bakin teku, ba ta taɓa ganin teburinta babu ƙanƙara ba sai wannan makon. Mijinta Berting ya fita da kwalekwale duk da teku bai gama lafawa ba, ya dawo da kwando cike da galunggong, ƙananan kifin da talaka ke ci da shinkafa. Da asuba suna sheƙi kamar azurfa. Kafin hantsi idanunsu sun fara dusashewa.

Ta yayyafa musu ruwan teku, ta rufe su da ganyen ayaba, tana korar ƙudaje da tsumma a bakin sanda. Rufin kasuwar ya tafi da iska, rana na dukan teburin kai tsaye. Magudanar da ke bayan rumfuna ta toshe, baƙin ruwa ya kwanta har idon sawu.

A teburin da ke maƙwabtaka da ita kuwa, kifin ƙawarta Doray jajir yake kamar yanzu aka fito da shi. Presing ta ga lokacin da Doray ta duƙa ƙarƙashin tebur da bokiti, ta zuba jar kala irin ta kek, ta tsoma kifinta na jiya ɗaya bayan ɗaya.

"Mare," in ji Presing a hankali, don haka suke kiran juna tun da Doray ta riƙe mata 'ya a coci ranar baftisma, "wannan fa ba na yau ba ne."

"To naki na gobe ne?" Doray ta yi dariya, amma idonta bai yi ba. "Gidana babu rufi, Mare. Yara a makaranta suke kwana a kan kwali. Ki bar ni in ji da abin da ya dame ni."

Presing ta ci gaba da korar ƙudaje. Ita ma ta ga gidan.

Can sai ga Lola Isyang, wato Kaka Isyang, tana takowa da sandarta, ta ɗage siket saboda taɓo. Tsohuwar ba ta taɓa sayen kifi a hannun kowa ba sai Presing.

"'Yar nan, zaɓo mini masu kyau. Maigidana Ambo ya tashi da zazzaɓi, ya ce ba abin da yake marmari sai romon kifi mai tsami. Tun jiya ko ruwa da ƙyar yake sha."

Presing ta ɗauki kifi guda, ta danna cikinsa da yatsa. Gurbin bai taso ba. Ta buɗe kunnensa, ciki ya koma ruwan toka. Ta kai hanci, ta ajiye.

"Lola, yau kam ba ni da na ba ki. Mai lafiya in ya soya shi ƙurmus, wataƙila. Amma ba mara lafiya ba."

"Kai, ke ma da tsoro! Ni da na ci kifi tun kafin a haifi uwarki?"

"Ki dafa masa kunun shinkafa da citta. Gobe in Berting ya sauko, ni da kaina zan kawo miki gida."

"Gobe? Kin san ko zai kai goben?"

Doray ta leƙo. "Lola, zo nan ki ga kaya! Dubi ja, har yanzu numfashi yake."

Tsohuwar ta juya. Idonta ya yi rauni, jan kawai take gani. Presing ta buɗe baki. Ta dubi Doray, ta ga har ta ɗora wa tsohuwar kifi a kan sikeli. In ta yi magana, kasuwa duka za ta ji, masu duba abinci na hukuma za su zo, teburin Doray ya tafi ke nan.

"Lola," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ki dai wanke shi sosai. Ki bar shi ya daɗe a wuta."

"Koya mini girki kuma za ki yi?" in ji tsohuwar, tana cusa ƙunshin kifin Doray a jaka.

Presing ta bi ta da kallo har ta kai bakin titi. Sai ta yar da sandar ƙudaje, ta kutsa cikin taɓo tana kiran sunanta. Kafin ta wuce rumfar masu nama, babur mai ƙafa uku ya ɗauki tsohuwar ya yi gaba, hanyar unguwarsu ta kan tudu, inda gada ta karye sai an zagaya.

Ta dawo jiƙe har gwiwa. Doray ba ta ɗago ba.

Ta yanke shawarar tsaga nata kifin ta zuba gishiri ta shanya, ko ta tsira da wani abu. Tana cikin tsagawa hadari ya sake haɗowa daga teku, ruwa ya kece. Ta zauna a kan bokiti da wuƙa a hannu, ruwa na zuba a kan teburin, yana wanke gishirin zuwa ƙasa.